Yadda Shafin Intanet Ke Tuna Mai Shigarsa: Darasi Kan Zama da Ragar Ajiya

1.0 Gabatarwa

A wannan fitowa na ga ya dace in ɗan kauce wa nahawu da adabi, in tattauna wani al'amari na kimiyyar kwamfuta wanda ya shafi kowane ɗalibi, ko ya sani ko bai sani ba. A yau babu wanda zai nemi gurbin karatu, ko ya biya kuɗin makaranta, ko ya yi rajistar kwasa-kwasai, ko ya duba sakamako, ba tare da ya bi ta shafin intanet ba. Hukumar JAMB ta fara gudanar da jarrabawa da kwamfuta a shekarar 2013, daga 2015 kuma ta bar takarda da fensir gaba ɗaya. Haka nan Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008, ita ma ta shafinta ne ɗalibai ke yin rajista.

A unguwarmu ta Mayo Gwoi, duk lokacin rajista shagunan intanet sukan cika da ɗalibai, wasu ma daga Zing ko Lau ko Yorro suka taso. Kukan da na fi ji a bakinsu shi ne: “Shafin ya fitar da ni.” Wato mutum ya shafe rabin sa'a yana cike fom, da ya danna maɓallin turawa sai a mayar da shi wurin sa kalmar sirri, duk abin da ya rubuta ya bi ruwa. Ya yi asarar kuɗin lokacin da ya saya, wataƙila da kuɗin mota, idan kuma ranar rufewa ce, ga tarar latti tana jiran sa. Yawanci akan ɗora laifin a kan sabis ko a kan mai shago. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa shafin ne da kansa ya manta da mutum. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin wannan mantuwa, da kuma yadda masana ke saita na'urori domin magance ta. Wasu daga cikin keɓaɓɓun kalmomin da zan yi amfani da su ƙirƙirar su na yi, kuma zan bayyana kowace a inda ta fara fitowa.

2.0 Ma'anar Zama

Kowane shafin intanet yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke. Manhajar da ke wayarka ko kwamfutarka wadda kake buɗe shafi da ita, irin su Chrome ko Firefox, ita ake kira burauza. Ƙa'idar da waɗannan biyu ke magana da ita sunanta HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai tsakanin 1989 da 1991. Wannan ƙa'ida tana da wata ɗabi'a: ba ta da tunawa. Duk danna maɓalli da ka yi, uwar garke tana ɗaukar sa ne a matsayin buƙatar wani baƙo da ba ta taɓa gani ba, ko da kuwa daƙiƙa biyu da suka wuce ka gaya mata sunanka.

A shekarar 1994 wani injiniya a kamfanin Netscape na Amurka mai suna Lou Montulli ya fito da dabarar da ake kira kuki. Domin mu gane ta, mu ɗauki misalin katin asibiti. Ranar da majinyaci ya fara zuwa, akan buɗe masa fayil a rubuta bayanansa, sa'annan a ba shi ɗan ƙaramin kati mai ɗauke da lamba. Fayil ɗin yana zama a asibiti, kati kuma a aljihunsa. Duk ranar da ya dawo, kati kawai zai nuna a ɗauko fayil. To, kuki shi ne ɗan katin nan da burauza ke riƙewa tana nunawa a duk buƙatar da ta aika. Fayil ɗin da ya rage a wurin uwar garke kuwa, wanda ke cewa wane ne kai da kuma inda ka tsaya, shi nake kira zama, domin yana farawa lokacin da ka shiga, ya ƙare lokacin da ka fita, kamar zaman kotu ko na majalisa. Wanda ya leƙa cikin burauzarsa zai iya ganin irin waɗannan katuna da sunaye kamar JSESSIONID ko PHPSESSID.

Ke nan, idan shafi ya fitar da mutum, abu ɗaya ne ya faru daga cikin biyu: ko dai katin ya ɓace, ko kuma an nuna kati amma ba a ga fayil ba. Na biyun shi ne batun wannan darasi.

3.0 Matsalar Yawan Jama'a

Muddin uwar garke ɗaya ce ke hidima, babu wata wahala, domin likita ɗaya ne kuma duk fayiloli suna cikin durowarsa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan dubban ɗalibai suka afka wa shafi a rana ɗaya, dole a ƙara uwayen garke su zama uku ko goma, a kuma sa wata na'ura a gabansu, wadda zan kira mai rabon aiki, tana tura wannan buƙata nan, waccan can. A nan ne matsala ke kunno kai. Ka shiga ta hannun uwar garke ta ɗaya, fayil ɗinka yana wurinta. Da ka danna turawa, sai mai rabon aiki ya kai ka wurin ta biyu, ita kuwa ba ta san ka ba, sai ta ce ka sake shiga.

Akwai hanyoyi uku da aka daɗe ana bi. Ta farko ita ce a manna kowane mutum da uwar garken da ya fara haɗuwa da ita, kamar a ce majinyaci ba ya ganin kowa sai likitansa. Wannan tana da sauƙi, amma ranar da likitan ya tafi da makullin durowarsa, duk majinyatansa sun shiga uku. Haka kuma wata uwar garken takan cika maƙil alhali wata tana zaune ba aiki. Hanya ta biyu ita ce kowace uwar garke ta riƙe kwafin dukkan fayiloli. Tana aiki idan biyu ne ko uku, amma idan sun kai goma, duk ɗan canjin da aka yi sai an aika shi wuri tara, har aikin kwafi ya fi aikin hidima yawa. Hanya ta uku ita ce a tara duk fayiloli a babban rumbun bayanai na makaranta, wanda ke kan faifan ajiya. A nan fayil ba ya ɓata, sai dai duk danna maɓalli sai an je rumbun, shi kuma dama yana fama da lissafin kuɗi da sakamako. Layin da aka gudu daga gare shi a ƙofar likita sai ya koma ƙofar ɗakin kati.

4.0 Ragar Ajiya

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai faifai, wanda ke riƙe bayani ko an kashe na'ura, akwai kuma ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ke riƙe abin da ake aiki da shi a yanzu. Faifai mai juyawa yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin ya lalubo bayani, ita kuwa ƙwaƙwalwa ta fi shi sauri kusan sau 100,000. Ko faifan zamani marar juyawa bai kamo ta ba. Aibinta ɗaya ne: da wuta ta ɗauke, duk abin da ke cikinta ya goge.

Dabarar da masana suka fito da ita ita ce a haɗa ƙwaƙwalen kwamfutoci da yawa su zama kamar ma'aji ɗaya, a rarraba fayiloli a tsakaninsu, kowane fayil kuma a ajiye kwafinsa a wata na'urar daban. Wannan shi nake kira ragar ajiya, kowace kwamfuta da ke cikinta kuma mamba. Uwayen garke ba su ƙara riƙe fayil ɗin kowa, sai dai su tambayi raga. Saboda haka, ko wurin wacce mai rabon aiki ya tura ka, za ta same ka.

Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa. Brad Fitzpatrick ya rubuta Memcached a 2003, sai dai ita ba ta ajiye kwafi da kanta. Kamfanin Oracle ya sayi Tangosol, mai manhajar Coherence, a 2007. Hazelcast ta fito a 2008 daga hannun Talip Ozturk ɗan ƙasar Turkiyya, Redis kuma a 2009 daga Salvatore Sanfilippo ɗan ƙasar Italiya. Zan ɗauki Hazelcast a matsayin misali saboda lissafinta yana da sauƙin bi.

Hazelcast takan raba ma'ajin gida 271, kowane gida mu kira shi kaso. Idan aka kawo lambar kati, sai a yi mata wani lissafi wanda kullum amsa ɗaya yake bayarwa, amsar ita ke nuna kason da fayil ɗin yake. Don haka babu buƙatar bin mambobi ɗaya bayan ɗaya ana tambaya. Idan mambobi uku ne, biyu za su riƙe kaso 90 kowanne, ɗaya ya riƙe 91. Idan jama'a suka ƙaru aka kawo na huɗu, sai kowane tsohon mamba ya miƙa masa wani abu daga nasa, uku su tashi da 68, ɗaya da 67. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na kayan ya motsa, kuma ɗalibin da ke cike fom bai ma san an yi ba. Idan kuma wani mamba ya mutu, kwafin kasonsa da ke hannun sauran nan take ya zama na asali, sa'annan a sake yin sabon kwafi. Redis ma takan raba ma'ajinta gida-gida, sai dai ita gida 16,384 take rabawa.

5.0 Matakan Saitawa

Sayen na'ura ko saukar da manhaja ba shi ne aikin ba. Aikin yana wurin saiti, kuma kowane saiti hukunci ne da zai faɗa a kan wani ɗalibi. Ga muhimmai daga ciki.

Na farko, haɗuwar mambobi. Dole a gaya wa kowane mamba yadda zai sami 'yan'uwansa, ko dai ta hanyar yin shela a cikin layin sadarwa na cikin gida, ko kuma a rubuta masa adireshinsu. Rubuta adireshi ya fi tabbas. Hazelcast tana magana ta ƙofa mai lamba 5701, kuma sunan da raga ke zuwa da shi daga kamfani shi ne “dev”. Wajibi ne a canza wannan suna, in ba haka ba kwamfutar gwaji za ta iya shiga ragar aiki ta gaske ta kwashi kaso.

Na biyu, sauya wurin ajiyar zama. Akan sa wata matata a ƙofar manhajar shafin, wadda ke tare duk buƙatar da ta shigo, ta karanta lambar kati, ta ɗauko fayil daga raga. Masu rubuta manhaja da yaren Java suna da Spring Session da ke wannan aiki, masu PHP kuma sukan canza layi biyu a takardar saiti su nuna Redis. Amfanin wannan shi ne ba sai an sake rubuta shafin daga farko ba.

Na uku, yawan kwafi. Hazelcast tana zuwa da kwafi ɗaya, wato za a iya rasa mamba ɗaya ba tare da asara ba. Sa'annan akwai zaɓi: ko a jira kwafi ya isa kafin a amsa wa mai shiga, ko a amsa masa kwafin ya biyo baya. Na farko ya fi aminci, na biyu ya fi sauri. Amma a ƙasa irin tamu akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, wato inda aka ajiye na'urorin. Idan duk mambobi uku suna ɗaki ɗaya a kan janareta ɗaya, to ranar da man ya ƙare, da asali da kwafi tare za su tafi. Ya kamata a raba su a kan wuta daban-daban, a kuma saita ragar yadda ba za ta ajiye kwafi a rukunin da asalinsa yake ba.

Na huɗu, lissafin wuri. Alal misali, mu ƙaddara makaranta tana sa ran mutum 30,000 a lokaci ɗaya, kowane zama kuma yana cin kilobait 20. Jimla megabait 600 ke nan, da kwafi ya zama 1,200. A raba wa mambobi uku, kowanne 400. To amma idan ɗaya ya mutu, biyun da suka rage kowanne zai ɗauki 600. Wanda ya tanadi 400 cif-cif, mutuwar mamba ɗaya za ta danne sauran su ma su faɗi. Don haka lissafi na ranar wahala ake yi, ba na ranar daɗi ba.

Na biyar, wa'adin zama. Fayil ba ya zama har abada. Idan mutum ya yi shiru na wani lokaci, akan share shi. Manhajar Tomcat tana zuwa da wa'adin minti 30, PHP kuma daƙiƙa 1,440, wato minti 24. Waɗanda suka sa waɗannan lambobi ba su yi tunanin ɗalibin da sabis ya yanke masa, ko wanda ya tsaya kiran gida a karanto masa lambar takardar haihuwa ba. A lura, rubutu a cikin fom ba ya isa ga uwar garke sai an danna turawa, saboda haka a wurinta mai cike dogon fom shiru ya yi. A ganina shafin rajista ya kamata ya tsawaita wa'adi, ya yanka fom shafi-shafi, ya kuma gargaɗi mutum kafin lokaci ya cika. Shafin banki kuwa gajeren wa'adi ne ya dace da shi.

Na shida, abin da ake sakawa a cikin zama. A sa ƙananan abubuwa kawai, kamar lambar ɗalibi da matakin da ya kai. Hoton fasfo ba wurinsa ba ne, domin zai kumbura fayil. Shaidar biyan kuɗi ma ba wurinta ba ne ko kaɗan, babban rumbun bayanai ne gidanta. Ƙa'idar ita ce: duk abin da ɓacewarsa za ta sa mutum kuka, kada a bar shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi kaɗai.

Na bakwai, rabuwar kai. Idan wayar da ta haɗa mambobi ta yanke, kowane ɓangare zai zaci ɗayan ne ya mutu, sai raga ta zama biyu, kowace tana rubuta nata. Eric Brewer ya bayyana a shekarar 2000 cewa a irin wannan hali dole a zaɓi ɗaya: ko a ci gaba da hidima bayanai su saɓa, ko a tsaya domin su daidaita. Maganin da aka saba shi ne a sa mambobi su zama mara, wato uku ko biyar, a kuma ce ɓangaren da ke da rinjaye ne kaɗai zai ci gaba da aiki.

Na takwas, daidaiton na'urori da gwaji. Tun da kowace uwar garke za ta karanta fayil ɗin da wata ta rubuta, dole dukkansu su kasance da manhaja iri ɗaya da saiti iri ɗaya. Abin da ya faru a jarrabawar JAMB ta 2025 ba matsalar zama ba ce, amma darasinsa ya shafe mu. A ranar 14 ga Mayu na shekarar, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya bayyana cewa gyaran da aka yi wa manhaja bai zauna daidai a wasu uwayen garke ba, abin da ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har sai da suka sake zama jarrabawar. Saboda haka, kafin a buɗe rajista, a yi amfani da manhaja irin JMeter a kwaikwayi shigowar dubban mutane, ana cikin haka a zare wayar mamba ɗaya da gangan a ga abin da zai faru. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Tsaro

Duk wanda ya riƙe katinka, a wurin uwar garke shi ne kai, ba ya ma buƙatar kalmar sirrinka. A watan Oktoban 2010 wani mai suna Eric Butler ya saki manhajar Firesheep, wadda ta nuna yadda mutum zai zauna a wurin da ake tarayya a kan intanet ɗaya ya kwashe katunan maƙwabtansa ya shiga Facebook ɗinsu. Wannan na daga cikin abin da ya tura manyan shafuka suka koma HTTPS, wato HTTP mai rufaffen saƙo. Don haka lambar kati ta zama doguwa wadda ba a iya cinkarta, a sauya ta da zarar mutum ya shiga, a kuma sa mata alamomin nan biyu, Secure da HttpOnly, waɗanda ke hana ta bin buɗaɗɗiyar hanya ko faɗawa hannun ɓoyayyen rubutu a cikin shafi.

Ita ma ragar kanta kada a bar ƙofarta a buɗe ga duniya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ranar 28 ga Fabrairun 2018 an yi amfani da na'urorin Memcached da masu su suka bari a buɗe aka kai wa shafin GitHub hari mai ƙarfin tarabit 1.35 a daƙiƙa. Bugu da ƙari, dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, makarantu kuwa suna ciki.

Mu ɗalibai ma muna da namu kason. Rufe burauza ba ya share fayil daga raga. Wanda ya gama aiki a shagon intanet ya danna maɓallin fita, domin shi ne ke kashe zama, kada na bayansa ya gaji katinsa. Haka kuma a tanadi duk takardu kafin a buɗe fom, kuma kada a jira ranar ƙarshe.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa intanet ba ta tuna kowa sai da kati da fayil, kuma fayil ɗin da aka bari a hannun na'ura ɗaya yana tare da ƙaddarar wannan na'ura. Ragar ajiya tana raba fayiloli a tsakanin na'urori da yawa tare da kwafi, amma amfaninta ya dogara ne a kan yadda aka saita ta: yawan kwafi, rabon wuta, lissafin wuri, wa'adi, da gwaji. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da su riƙa yi wa masu kula da shafukan makarantu tambayoyi na sani, kamar tsawon wa'adin zama da ko an yi gwaji kafin buɗe rajista. Ina kuma roƙon malamaina da 'yan'uwana na wannan sashe su duba kalmomin nan, wato zama, ragar ajiya, mai rabon aiki da kaso, su gyara ko su kawo waɗanda suka fi su, domin harshen Hausa ya iya ɗaukar wannan ilimi kamar yadda ya ɗauki na fiƙihu da na tarihi. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.